Uluru ya burge ni, amma kamfanin yawon da muka biya ya ɓata min rai

Duk wanda zai je Uluru, katon dutsen nan da ke tsakiyar Ostireliya, don ya san al'adar Anangu, 'yan asalin yankin, ya tambayi kamfanin yawon buɗe ido tun kafin ya biya: wa zai yi jagora? Mu mun taso daga Alice Springs a motar haya, muka ci kusan kilomita 450 ta titin Stuart da na Lasseter, kuma mun sayi tikitin zagayen yamma ne saboda tallan ya ce ɗan Anangu ne zai zagaya da mu. Da bas ta zo ɗaukarmu a Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa da dutsen, direba ne shi kaɗai. Wai jagoran ya samu uzuri. To, uzuri yana faɗa wa kowa, ban riƙe su a kan wannan ba.

Abin da ya ƙona min rai a gindin dutsen ya faru. Akwai wuraren da aka kafa allo ƙarara cewa ba a ɗaukar hoto, domin suna da alfarma a Tjukurpa, dokar Anangu da tarihin kakanninsu; wasu na mata ne zalla, wasu na maza. Muna tsaye gaban irin wannan allo, wata baiwar Allah ta ɗaga waya tana ɗari-ɗari, sai direban ya waiga hagu da dama, ya ce mata ta ɗauka da sauri, ba mai gani. Nan take wayoyi suka yi sama. Na ce masa, bawan Allah, ga allo fa. Ya ɗaga kafaɗa, wai kowa ma yi yake.

Anangun nan sai a 1985 aka mayar musu da ƙasarsu, su kuma suka ba gwamnati hayarta na shekara 99. Shekara da shekaru suna roƙon baƙi su daina hawa dutsen, sai a Oktoban 2019 aka rufe hawan. Kai da kake cin abinci da sunansu, kai ne za ka zuga baƙi su taka musu doka? Haba!

Gaskiya ɗaya ce, motar tana da sanyi, ruwan sha wadatacce, kuma ya kai mu wurin kallon faɗuwar rana a kan kari. Dutse guda mai tsayin mita 348 a tsakiyar fili fetal, yana rikiɗa daga ruwan ƙasa zuwa ja jawur a gaban idonka. A lokacin zuciyata ta yi sanyi, har na ce zan ba kamfanin tauraro uku.

Washegari da safe muka bi zagayen Mala, wata tafiyar ƙasa a gindin dutsen wadda ma'aikatan gandun dajin da Uluru ke ciki suke jagoranta kyauta, sai ɓacin raina ya dawo sabo. Abin da na biya kuɗi ban samu ba, ga shi a nan ba ko sisi. Aka nuna mana kogon da mata ke niƙa iri, inda dutsen ya yi sumul saboda niƙa, da kogon da dattawa ke koyar da samari, ga zane-zanensu a bango wani kan wani. Da muka iso wurin mata mai alfarma, ma'aikaciyar ta sa kowa ya mayar da waya aljihu, ta ce labarin wurin ba nata ba ne da za ta bayar. Ba wanda ya yi musu.

Kata Tjuta, wasu manyan duwatsu da ba su da nisa da Uluru, da kanmu muka je, ba ka buƙatar kowa. Ku yi sammako kawai, don ana rufe yawancin hanyar tafiyar ƙasa ta wurin, Valley of the Winds, da ƙarfe 11 na safe idan zafi zai kai digiri 36, kuma ku sayi ragar fuska saboda ƙudaje.

Na rubuta wa kamfanin. Suka amsa cewa sharuɗɗansu sun ba su damar canza jagora, don haka ba maganar mayar da kuɗi. Batun hoton kuwa, wanda shi ne ainihin ƙorafina, ko kalma ɗaya ba su ce ba. Tauraro ɗaya na ba su, kuma na kai ƙarar direban wurin ma'aikatan gandun.