Akwatin roba a ƙarƙashin sinki ko cambar bulo a waje? Amsa ga Hajiya mai gidan abinci

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi wajen tare maiƙon ruwan wanke-wanke kada ya toshe fayif, akwatin roba a ƙarƙashin sinki ko cambar bulo, wato ramin da ake ginawa a waje ruwan sinki ya bi ta cikinsa. Ki gina cambar bulo. Tunda kin ce kina wanke tukwanen miyar manja da na farfesu safe da yamma, kuma fayif ɗin sinki ya toshe sau biyu a wata ɗaya, akwatin roba ba zai ɗauki aikinki ba.

Dukansu aikinsu ɗaya: maiƙo bai kai ruwa nauyi ba, idan ruwan wanke-wanke ya samu wurin da zai tsaya ya huce, maiƙon ya taso sama, guntun shinkafa da tuwo su kwanta ƙasa, ruwan tsakiya kaɗai ya wuce. Bambancin yana ga girma. Akwatin da ake sa wa a ƙarƙashin sinki yawanci lita 20 zuwa 50 yake ɗauka. Babbar tukunya ɗaya ta ruwan zafi za ta cika shi ta kore abin da ke ciki kafin ya huce, maiƙon ya wuce yana narke, ya je can gaba ya daskare a inda hannu ba ya kaiwa. Akwatin zai wadatar da gida mai mutum biyar, amma a gidan abinci sai an kwashe shi kusan kullum, warinsa kuma a cikin kicin zai tsaya.

Cambar kuwa, idan birkila ya yi ta yadda ya kamata, za ta daɗe tana hutar da ke. A yi cikinta tsawon santimita 90, faɗi 60, zurfin ruwa 60, wato lita 320 da 'yan kai. A yi mata filasta mai santsi sosai, domin bango mai kaushi yana riƙe maiƙo, wanke shi wahala ne. A raba ta gida biyu da ƙaramin bango, na farko ya ɗauki kashi biyu bisa uku, a bar ƙofar wucewar ruwa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Fayif ɗin shiga ya ɗara na fita tsayi da santimita 5. Abin da za ki tsaya a kansa da idonki shi ne bakin fita: dole a sa mahaɗi mai baki uku, ƙafarsa ta nutse har ta rage santimita 15 zuwa 20 ta taɓa ƙasa. Idan aka bar fayif ɗin miƙe a saman ruwa, maiƙon ne zai fara fita, an yi aikin banza. Kada cambar ta yi nisa da sinki fiye da mita biyu ko uku, kuma fayif ɗin ya gangara santimita 2.5 a kowace mita, in ba haka ba kitse zai daskare a hanya, musamman da hunturu. Ruwan bayan gida kada ya kusance ta ko kaɗan.

Wajen kwashewa, sanda ce ma'auninki. Ki tsoma ta har ƙasa: idan kaurin maiƙon sama da laɓon ƙasa sun haɗu sun kai kashi ɗaya bisa huɗu na zurfin, santimita 15 ke nan, lokaci ya yi. Ki auna kowane mako a watan farko, daga nan za ki san jadawalinki. A yi aikin da sassafe kafin a hura wuta, lokacin maiƙon ya kama jikinsa. A buɗe murfi a ja da baya na 'yan mintuna, kada yaro ya leƙa kai ciki, iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai tana iya sumar da mutum. A kwashe na sama da ludayi mai huji, a ɗebe ruwan, a kwashe laɓo, a kankare bango da cikin mahaɗin, sannan a cika da ruwan sanyi. Abin da aka kwashe a cakuɗa da toka ko dusar katako a kai bola, ba kwata ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu yawo da jarka ba suna ba tambari, suna cewa maganinsu yana cinye maiƙo. Galibi soda ce mai ƙarfi. Tana haɗuwa da kitse ta mai da shi sabulu, ya tafi ya toshe sokawe, zafinta yana iya laushe fayif ɗin roba, ɗigo ɗaya kuma a ido babbar matsala ce. Haka nan akwai masu sayar da akwati wanda ba bangon rabawa a ciki, ki buɗe ki gani kafin ki biya. Mai kwashewa ma kada a sallame shi sai kin ga ƙasan cambar, wasu saman kawai suke ɗebewa su dama sauran.

Ki sa rariya a bakin sinki, kuma yara su riƙa kwarfe man da ya rage a tukunya zuwa wani gwangwani kafin su zuba ruwa. Wannan kaɗai zai tsawaita miki kwanakin da ke tsakanin kwashewa da kwashewa.