Panacur AquaSol ga mai kaji 'yan kaɗan: maganin tsutsa mai aiki, amma awonsa sai da natsuwa

Wannan magani ruwa ne fari mai ɗan kauri, na kamfanin MSD Animal Health, kuma a Amurka ana sayar da shi da sunan Safe-Guard AquaSol. Sinadarin da ke cikinsa fenbendazol ne, miligiram 200 a kowace mililita. Ana zuba shi a ruwan shan kaji kwana 5 a jere, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin kaza a kullum. Abin da ya ɗaga darajarsa a wurin mai kajin ƙwai shi ne an amince da shi ga kaza mai yin ƙwai, kuma idan an bi awon da ke takardarsa ba a zubar da ƙwan ko na kwana ɗaya. Yawancin magungunan tsutsa da ake ɗura wa kaji ba su da wannan izini.

Sai dai kafin a yabi magani, a fara sanin cutar. Kaza mai tsutsar ciki tana cin abinci amma ba ta ƙiba. Idan ka ɗaga ta ka shafa ƙirjinta, ƙashin tsakiya zai tokare maka yatsa saboda naman gefensa ya zube. Zankonta yana koɗewa, gashinta ya yi buzu-buzu, ƙwai ya ragu, gindinta ya ɓaci da zawo. Matsalar ita ce duk waɗannan alamu wasu cututtukan ma suna kawo su, har da ƙwarƙwata da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya ga kaza ta yi laushi ya ruga ya sayo maganin tsutsa, caca ya yi.

Hanyar tabbatarwa gwajin kashi ne. A shimfiɗa takarda ko leda a ƙarƙashin inda kajin ke kwana, da asuba a tsinci sabon kashi daga wurare goma ko fiye, a haɗa a leda ɗaya. Kada a manta da kashin nan mai ruwan ƙasa, mai danƙo da wari, wanda kaza ke yi jefi-jefi. Daga makafin hanji biyu yake fitowa, kuma a cikinsa ne ake samun ƙwan wata tsutsar. A kai wa likitan dabbobi a ranar, ko a ajiye a wuri mai sanyi kada ya daskare. A ɗakin gwaji ana dama kashin da ruwan gishiri mai ƙarfi, ƙwayayen tsutsa su taso sama, a ƙirga su a madubin likita. Gwajin yana da iyakarsa: tsutsar da ba ta balaga ba ba ta yin ƙwai, don haka sakamako mai tsabta bai wanke kaza gaba ɗaya ba. Idan wata ta mutu, kada a yi saurin binne ta. A tsaga hanjin daga ƙundu har ƙarshe a duba. Wannan ya fi kowane zato.

Abin da aka fi samu shi ne macijin ciki na kaji, Ascaridia galli, fari mai kaurin zare wanda macensa ke kai santimita 12. Yana zama a ƙaramin hanji, idan ya yi yawa har toshe shi yake yi, kuma nadiran ɗaya yakan ɓace hanya ya shiga mahaifar ƙwai a same shi a cikin ƙwan. Sai Heterakis gallinarum, ƙarama da ba ta wuce santimita ɗaya da rabi, mazauniyar makafin hanji. Ita kanta ba ta cika cutar da kaza ba, amma ƙwanta na ɗauke da ƙwayar Histomonas wadda ke lalata hantar talotalo ta kashe shi, shi ya sa ba a son haɗa kaji da talotalo a fili ɗaya. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da aka yi maganin dominsu, kuma a kansu yana aiki sosai.

Ta uku ita ce Capillaria, siririya da ido bai cika ganinta ba, mai huda fatar maroro ko hanji. A ganina ita ce mafi mugunta cikinsu, don 'yar kaɗan ta isa ta ramar da kaza. Awon miligiram 1 bai isa gare ta ba. Takardar da ake amfani da ita a Turai ta ba da miligiram 2 ga kowane kilo, kwana 5, kuma da wannan awo kwanakin jira kafin yanka sukan ƙaru daga 6 zuwa 9. Ƙa'idar jira ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka takardar da ke jikin kwalbarka ita ce alƙali.

Dalilin kwana biyar ɗin yana cikin yadda maganin ke kisa. Fenbendazol ba ya sumar da tsutsa nan take. Yana lalata ƙananan bututun da ke cikin ƙwayoyin jikinta, ta kasa tsotsar sukari daga abincin kazar, yunwa ta cinye ta a hankali. Shan rana ɗaya raunana ta kawai yake yi, ta farfaɗo. Haka kuma bai kamata a tsaya jiran ganin tsutsotsi a kashi ba a matsayin shaida, domin da yawansu suna narkewa a hanji kafin su fito. Fiferazin, tsohon maganin da aka saba da shi, shi ne mai shanye jikin tsutsa ta fito da ranta, mai kaji ya gani ya ji daɗi. Amma manyan macijin ciki kawai yake kamawa, ya bar 'ya'yansu da sauran tsutsotsin. Lebamisol ya fi shi faɗin aiki, sai dai tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da yawa, kuma ƙasashe da dama ba su yarda a ba kajin ƙwai ba. Fenbendazol kuwa yana yafe ɗan kuskuren awo.

Babban aibin wannan kwalba ga mai kaji goma shi ne ba don shi aka yi ta ba. An yi ta ne don gidan gona mai kaji dubbai da bututun ruwa. Yi lissafin ka gani: a raba jimillar nauyin kajin da 200, abin da ya fito shi ne mililitar da za a zuba kullum. Kaji 10 masu kilo 2 kowacce sun tashi kilo 20, wato mililita 0.1 a rana, rabin mililita a duk kwana biyar ɗin. Kwalbar lita ɗaya za ta ishi kaji 20,000 masu wannan nauyi, kuma bayan an buɗe ta wata 6 ne wa'adinta. Mai ƙaramin garke zai yi asarar kusan dukanta, sai fa idan likitan dabbobi zai ɗibar masa kaɗan a ƙaramar kwalba mai rubutu, ko a sami ƙaramin mazubi inda ake sayar da shi.

Auna 0.1 kuma ba aikin cokali ba ne, ba na murfin kwalba ba. Sirinji mai mililita 1 ake nema, wanda aka tsaga goma-goma. Wanda hannunsa ba ya tsayawa sai ya tsinka maganin: mililita 1 cikin ruwa mililita 99, a girgiza, kowace mililita ta wannan haɗin tana da miligiram 2. Kaji masu jimillar kilo 20 ke nan za su sha mililita 10 na haɗin. Ragowar a zubar, gobe a haɗa sabo, don ruwan maganin ba ya wuce awa 24. Kuma nauyin a auna shi, kada a ƙiyasta da ido. A sa kaza a jaka a rataye a sikeli. Idan suna da yawa a auna biyar ko shida har da manyan, a yi lissafi da su. Gashi yana yaudara ƙwarai.

A girgiza kwalbar kafin a ɗiba. An niƙe ƙwayoyin maganin sun yi laushi sosai don kada su kwanta a gindin mazubi, kuma wannan shi ne fifikonsa a kan fenbendazol na awaki da shanu, wanda idan aka zuba a ruwa yake kwanciya, kajin farko su sha ruwa zalla, ta ƙarshe ta sha laka. Duk da haka girgizawa wajibi ce.

Sauran dabarar tana wajen ruwa. Kazar ƙwai tana shan kamar rubu'in lita a rana, fiye da haka lokacin zafi. Kwana ɗaya kafin farawa a auna abin da garken ke sha. Da safe a zuba maganin cikin kamar rabin wannan ruwa, yadda za su shanye shi tas cikin sa'o'i kaɗan, sannan a cika musu mazubi da ruwa zalla. Idan aka zuba a bokiti cike, da yamma aka zubar da rabi, rabin magani aka zubar. A kawar da duk wata kafar ruwa: kududdufi, bakin famfo, kwanon kare. Idan kajin masu yawo ne a tsare su har su shanye. A sa mazubi biyu don manyan kada su hana ƙananan. Kaza mai kwanci da wadda ciwo ya kwantar ba sa shan abin kirki, don haka su a lissafa musu nasu a ɗura da sirinji ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, ana barin ta haɗiye don kada ya bi maƙogwaro.

Akwai gargaɗi biyu da ba a cika faɗa ba. Tantabara da aku ba sa jure fenbendazol kamar kaza, yana iya lalata musu ɓargo, don haka idan tantabaru na sauka shan ruwan kajin a hana su. Sannan masu kiwon tsuntsaye sun daɗe da lura cewa yana iya ɓata gashin da ke tsirowa, saboda haka idan ba dole ba a jira kaji su gama sake gashi.

Inda maganin ba ya kaiwa ma yana da faɗi. Tsila, wadda gaɓoɓinta ke fita a kashi farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi, ba ta cikin abin da takardarsa ta yi alkawari. Firazikwantel ne maganinta, shi kuma ba a amince da shi ga kajin ƙwai ba a yawancin ƙasashe, sai da shawarar likita. Tsila ba ta wucewa kai tsaye daga kaza zuwa kaza. Sai ta bi ta cikin tururuwa, ƙuda, buzuzu ko dodon koɗi, kaza ta ci ƙwaron. Haka ita ma jar tsutsar maƙogwaro, Syngamus trachea, mai sa tsako miƙa wuya yana hangame baki, ba ta cikin takardar kaji, kuma sau da yawa abin da ake zaton ita ce ciwon numfashi ne.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne ba da maganin tsutsa ga 'yan tsaki masu kashin jini. Tsako ɗan mako 3 zuwa 6 da ya takure, fukafukai a ƙasa, kashi da jini, kusan kullum koksidiyosis ne. Ba tsutsa ba ce, ƙwayar Eimeria ce mai fasa fatar hanji, kuma fenbendazol ba ya taɓa ta ko kaɗan. Kwana biyar da za a ɓata ana jiran sa ya yi aiki sun isa a rasa rabin tsakin. Amfiroliyam ake ba su a ruwa, kuma a lokacin ba a haɗa shi da sinadarin bitamin mai B1, domin ta hana ƙwayar wannan bitamin ne yake kashe ta.

Bayan kwana 10 zuwa 14 da gama magani a maimaita gwajin kashi. Idan ƙwayayen ba su ragu sosai ba, a fara zargin awo da yadda aka ba da ruwan kafin a zargi kwalbar, ko da yake an riga an tabbatar da macijin cikin talotalo mai jure fenbendazol a gonakin Amurka, kuma ƙarancin awo da yawan maimaitawa ba dalili su ne ke haifar da irin haka. Shi ya sa ba na goyon bayan masu zuba shi kowane wata don rigakafi.

Maganin ba ya zama a jiki ya tsare kaza. Ranar da aka gama, idan ta koma ƙasar da ke cike da ƙwan tsutsa, ta sake ɗauka, kuma cikin mako 5 zuwa 8 sabbin macizan sun fara ƙwai. Ƙwan Ascaridia yana da ɓawo mai kauri, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu cikin danshi kafin ya zama mai kamawa, kuma yana iya shekara a ƙasa mai inuwa. Yawancin ruwan kashe ƙwayoyin cuta na gida ba sa huda shi. Rana da bushewa ne maƙiyansa. Saboda haka a rana ta ƙarshe ta magani a kwashe shimfiɗar akurki duka, a kankare ƙasa, a zuba busasshiya. Kashin ƙarƙashin wurin kwana a riƙa kwashe shi sau biyu a mako, kafin ƙwan ya nuna. Mazubin abinci da na ruwa a ɗaga su daidai bayan kaza, a daina watsa hatsi a ƙasa, a gyara mazubin da ke yoyo. Inda fili ya isa a raba shi biyu ana sauya musu, a rage ciyawa don rana ta taɓa ƙasa. 'Yan tsaki a raba su da manya, don manyan suna ɗauke da tsutsa ba alama su kuma ƙananan ba su da garkuwa. Sabuwar kaza a keɓe ta mako 2 zuwa 4 a gwada kashinta kafin ta shiga garke. Tafarnuwa da ruwan tsami da ake sa wa a ruwa ba a tabbatar suna fitar da tsutsa daga kazar da ta kamu ba. Abin da ke taimakawa shi ne abinci mai isasshen furotin da bitamin A, domin ƙarancinsa yana raunana fatar hanji tsutsa ta sami wurin kamawa.