Kayan haɗa jirgin Zenith STOL CH 750: ra'ayin mai haɗa shi a Garwa

Kamfanin Zenith Aircraft, wanda yake a garin Mexico na jihar Missouri a Amurka, yana sayar da jirgin sama ne a warwatse: fallayen alminiyam da aka yanka aka lanƙwasa, da dubban ƙusoshin ribet, da zanen ƙira, sai mai saye ya haɗa da hannunsa. Ni da wani aminina, tsohon makanikin jiragen sama da ya ajiye aiki, muna haɗa samfurinsu mai suna STOL CH 750 (STOL na nufin tashi da sauka a gajeren fili) a wani gareji a nan Garwa. Mun kammala wutsiya da fukafukai, yanzu muna kan gangar jiki, saboda haka wannan sharhi ya tsaya ne a kan kayan da kuma aikin haɗa su. Hukuncina tun daga farko shi ne kayan suna da kyau, kuma sun dace da ƙasa irin tamu, amma an tsara su ne da tunanin mutumin da zai iya yin odar ƙusa ɗaya a kawo masa cikin mako, mu kuwa tsakaninmu da masana'antar akwai teku da duwan da tafiya mai nisa daga Duwala.

Jirgin mai kujera biyu ne, fukafukansa a sama, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya ɗan haura mita 9. An fito da shi a 2008 a matsayin babban ƙanen CH 701, wanda injiniya Chris Heintz ya ƙera a 1986. Heintz ya yi aiki a Faransa a kan jirgin Concorde kafin ya koma Kanada ya kafa kamfanin Zenair a 1974, kuma abin da ya sa a gaba a waɗannan ƙananan jirage shi ne su tashi su sauka a gajeren fili maras kwalta. Shi ya sa aka kafa wani siririn fiffike a gaban babban fiffiken, wanda yake riƙe iska ko da jirgin yana tafiya a hankali. Ladan wannan dabara shi ne gajeren tashi, kuɗinta kuma shi ne gudu: jirgin yana yin kimanin kilomita 160 a sa'a, kuma wanda yake neman saurin zuwa Yawunde ya nemi wani samfurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne hudar da aka yi wa fallayen tun daga masana'anta. Injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ya huda su, har ramin fata, wato fallen da ke rufe jikin jirgin, yake faɗawa daidai kan ramin haƙarƙarin da ke ƙarƙashinta, sai mutum ya kama su da 'yan maƙalai na wucin gadi da ake kira Cleco, ya duba, ya goge bakin ramukan, sannan ya ja ribet. Ribet ɗin irin wanda ake ja daga gefe ɗaya ne, ba ya bukatar mutum na biyu ya tokare da ƙarfe daga ciki, kuma ba ya damun maƙwabta da ƙara. Ƙarfen shi ne alminiyam 6061-T6, wanda ya fi alminiyam mai lamba 2024 da wasu kamfanoni ke amfani da shi jure lalacewa. Awon da ke cikin zanen kuwa da milimita aka yi shi, abin da ya zo mana da sauƙi tunda da shi muka tashi. Sai dai notuna da bol-bol ɗin na jiragen Amurka ne, da inci ake auna su, kuma sifanar da ke kasuwar Garwa ba ta zauna musu daidai.

Wannan batun sifana shi ne ƙofar duk wata shawara da zan bayar. Kafin a rufe akwatin kayan a Amurka, ya kamata mai saye ya zauna ya rubuta duk ƙaramin abin da zai nema har ƙarshen aiki, ya sa a zuba masa a ciki: bakunan huda masu lamba 20 da 30 da 40 da yawa, domin suna dakushewa suna karyewa, maƙalan Cleco fiye da yadda yake zato, almakashin yankan falle na dama da na hagu, da rarar ribet. Akwai kuma wani bakin bindigar ribet na musamman, mai ɗan rami a fuskarsa, wanda yake ba kan ƙusar siffar ƙoƙo yayin da ake ja. Na kamfanin ne, bakin da ake samu a shago ba ya yin aikinsa. Kayan wutar lantarki kada a sayo su daga can, tunda Amurka tana kan volt 110 ne mu muna kan 220. Injin huda mai batir da ƙaramar kwamfaresa da aka saya a gida sun wadatar, kuma batir ɗin yana ceton aiki ranar da aka ɗauke wuta.

Kamfanin yana ba da damar sayen jirgin kashi-kashi, wutsiya daban, fukafukai daban, gangar jiki daban, don mutum ya biya gwargwadon ƙarfinsa. Tsari ne na adalci, amma ga wanda ke arewacin Kamaru ko Njamena ban ga ribarsa ba, domin kowane kashi zai jawo nasa kuɗin jirgin ruwa, da nasa kuɗin dillalin fito, da nasa zaman jira a tasha. Abin da na ga ya fi shi ne a fara da ɗan ƙaramin kashin nan na sitiyarin wutsiya, wanda kamfanin ke sayarwa don gwaji, idan mutum ya ga hannunsa da haƙurinsa sun ɗauka, sai ya yi odar sauran jikin gaba ɗaya a akwati guda. A lissafi kuma a tuna cewa da dala ake biya, alhali sefa tana ɗaure ne da yuro a kan 655.957, don haka farashin yana iya motsawa tsakanin ranar oda da ranar cikon kuɗi, sannan ga harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari bayan kuɗin duwan.

Lokacin isowar akwatin ma abin lura ne. Duwala gari ne mai ruwan sama da laima, musamman daga Yuni zuwa Oktoba, kuma idan ruwa ya shiga tsakanin fallayen alminiyam da aka jera ɗaya kan ɗaya, yakan bar musu farin tabo. Dillalin da ya fito mana da namu ya bar akwatin a fili ba rufi, kusurwa ɗaya ta jiƙe, muka sha aikin goge fallaye kafin mu fara komai. Wannan ba laifin masu ƙira ba ne, kuma maganinsa shi ne a auna odar ta iso da rani, a kuma rubuta sharaɗin ajiya a ƙarƙashin rufi cikin yarjejeniya da dillali. Daga tasha ana iya ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, mota ta ƙarasa da shi.

A kan fukafukai ne na fi ganin muhimmancin hangen gaba, kuma a nan ne littafin haɗawa yake bin tsarin ƙarfe kawai, ya bar wa mai aiki sauran tunanin. Da zarar an rufe fatar fiffike da ribet, duk abin da aka manta a ciki ya zama kamar wayar wuta da magini ya tuna bayan an gama filasta. Wayar fitilun bakin fiffike, da siririn tiyo mai kai iska ga agogon gudu, da na'urar auna mai a tanki, duk sai an yanke shawararsu tun kafin mutum ya ga ko allon agogunan jirginsa. Mu mun shimfiɗa bututun roba maras nauyi daga tushe zuwa baki, da zare a cikinsa, don ko nan gaba aka so ƙara waya a ja ta ba tare da an fasa fata ba. Mun kuma shafa fentin kariya a duk inda ƙarfe ya hau ƙarfe. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke sauka ba ta barin fenti ya bushe da tsabta, sai an yi aikin da sassafe bayan an yayyafa ruwa a ƙasan gareji.

Batun inji ya haɗa abu biyu masu kama da saɓani: a zaɓe shi da wuri, a saye shi a ƙarshe. Dole a zaɓa da wuri saboda mazauninsa, da murfin hanci, da hanyar mai, da wurin ajiye batir don daidaita nauyi, duk a kansa suka dogara. Jirgin yana karɓar injuna da dama, kamar Jabiru 3300 da Continental O-200, amma mun tsaya a kan Rotax 912 ULS na ƙasar Ostiriya, mai ƙarfin doki 100, saboda yana shan fetur ɗin mota, kuma kawunansa da ruwa ake sanyaya su. Dalilin jinkirta saye shi ne injin yana da agogon kalanda ban da na sa'o'i: ana buɗe shi a yi masa babban gyara bayan sa'a 2,000 ko shekara 15, ana sauya tiyo da sauran robobinsa duk shekara 5, kuma ajiyarsa ba tare da aiki ba tana da iyaka ta wata 24. Wanda ya saya tun ranar farko, aikin kuma ya ja shi shekaru, ya ci wa'adin injinsa a kan katako.

Zafin garinmu shi ma yana da bakin magana a cikin ƙirar. Garwa ba ta fi kimanin mita 240 a saman teku ba, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yake yi a Maris da Afrilu, iska takan yi sirantar da fiffike da farfela za su ji kamar suna a tsayin mita 1,200, tashi ya ƙara tsawo, inji ya rage ƙarfi. Alƙaluman da ke takardar talla na rana mai digiri 15 ne a bakin teku. Saboda haka tun yanzu muka bar wa lagireto da na'urar sanyaya baƙin mai wuri mai faɗi, muka kuma tanadi layin da zai mayar da rarar fetur tanki, wanda Rotax ke ba da shawararsa don kada mai ya zama tururi a cikin tiyo mai zafi. Injin yana bukatar fetur mai ƙarfin oktan 95, kuma zuwa-zuwan da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin titi bai kamata ya kusanci tankinsa ba.

Akwai aikin takarda da ya kamata ya riga odar kanta. A Amurka doka ta yarda mutum ya yi rajistar jirgin da ya haɗa fiye da rabinsa da hannunsa, amma wannan dokar tasu ce. A Kamaru hukumar kula da sufurin jiragen sama, CCAA, ce ke da ikon rajista da ba da lamba mai farawa da TJ, don haka a rubuta mata a ji sharuɗɗanta kafin a tura ko sisi, a kuma riƙa ɗaukar hoton kowane sashe kafin a rufe shi, da kwanan wata, a cikin kundi guda, domin mai duba jirgi ba zai iya ganin cikin rufaffen fiffike ba. A auna ƙofar gareji ma tun kafin a kafa teburin aiki, wanda tsawonsa ke kusan mita 4: gangar jiki a kan tayoyinta za ta fita ta wannan ƙofa, fukafukai kuma su bi ta daban a bayan mota zuwa filin jirgi, inda za a ɗaura su a ƙarshe.