Wace na'ura ce za ta riƙe mai jiran dashen zuciya?

Kafin a zo maganar kuɗi ko sunan kamfani, ku tambayi likita ko ɓangaren dama na zuciyar yana aiki har yanzu. Daga nan hanya take rabuwa.

Idan hagun ne kaɗai ya gaza, kuma hakan ya fi yawa, ba a cire zuciyar. Ana ɗaura mata ɗan famfo mai suna LVAD ya riƙa tura jini. Wanda ake yayi yanzu shi ne HeartMate 3 na kamfanin Abbott, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2017. Maganaɗisu ne ke riƙe farfelarsa, ba ta gogar komai, shi ya sa jini bai cika daskarewa a ciki ba. Waya ɗaya ce ke fitowa ta fatar ciki zuwa ɗan akwatin da ke sarrafa famfon, wanda ke haɗe da batura biyu da ake ratayawa. In hali ya yi, ni shi zan zaɓa, don zuciyar mutum tana nan a wurinta. Wani famfon mai suna HeartWare kuwa ku manta da shi, kamfanin Medtronic ya daina sayar da shi tun 2021 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Idan duka ɓangarorin sun gaza, sai cikakkiyar zuciyar roba. SynCardia ce tsohuwar hannu, tun 2004 aka amince da ita. Ana yanke ɗakunan ƙasa biyu na zuciyar a sa ta a gurbinsu, iska na buga ta ta bututu biyu daga wani inji mai kusan kilo 6 da ake goyawa a jaka. Ƙararsa ba ta tsayawa, har cikin barci. Akwai babba mai 70cc, akwai ƙarama mai 50cc don masu ƙaramin ƙirji. Sai dai in an sa, ba komawa baya.

Aeson, wata zuciyar roba ta Faransa, ba ta da wannan ƙara, amma kamfaninta Carmat ya faɗa matsalar kuɗi a 2025. Wata sabuwa mai suna BiVACOR, da aka fara dasawa a birnin Houston na Amurka a 2024, har yanzu gwaji ake yi.

Ko wacce aka sa, ana shan maganin tsinka jini irin warfarin kullum, a kuma riƙa wanke wurin da waya ta fito don gudun ƙwayoyin cuta. Wanda ke tunanin dawowa gida ya yi jiran, ya fara lissafin wutar lantarki: batura na son caji kowace rana, kuma dole asibitin da ya san na'urar ya kasance kusa.