Shinkafa kusa da mahaƙar ma'adinai: a bar ruwa ya kwanta ko a janye?

Manomin da gonarsa ke shan ruwan mahaƙa yana tsaka mai wuya wallahi. In ya bar ruwa ya kwanta har shinkafa ta fid da kai, kadmiyam, wani ƙarfe mai guba da ke biyo ruwan mahaƙa, zai maƙale cikin laka, saiwa ba ta zuƙarsa sosai, amma fa lokacin ne asenik, wani sinadari mai guba shi ma, ke narkewa ya haura har cikin ƙwaya. In kuma yana janye ruwan ƙasa ta ɗan tsattsage, asenik ya ragu sai kadmiyam ya samu hanya, shi ne ya lalata ƙoda da ƙashin manoman Toyama a Japan, cutar itai-itai da gwamnatinsu ta amince a 1968 cewa shi ke jawo ta. Ni dai gara a fara gwada ƙasar tukuna.