Kadar ɗin keken dutse okaziyo (na hannu) mai amortisa gaba da baya, wanne za ka ɗauka a Damagaram?

Tun ranar da ƙanena ya gan ni ina gangarowa daga duwatsun bayan Birni a kan keke bai bar ni na sha ruwa ba, kullum yaya wane kadar zan saya, yaya ga hoton wani an turo mini daga Kano duba mini. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Kadar dai shi ne gangar jikin keken, wanda 'yan Najeriya ke ce wa firam, kuma wanda nake magana a kai shi ne mai amortisa a baya, wato bayan keken yana lotsawa ya dawo.

Mu nan keke ɗaya ne ke yin komai. Litinin ka hau gudro zuwa wurin aiki, Asabar ka kama hanyar Mirriya kilomita 18 ko ka ratse cikin ƙauyuka inda laterit ke da gargada yashi kuma na kama taya, Lahadi da yamma ka je ka yi wasa a kan dutse. Saboda haka abin farko da za ka tambaya shi ne milimita nawa bayan ke lotsawa. Mai 100 na tsere ne, a gudro yana gudu amma a dutse zai jijjiga maka ƙugu. Mai 170 zuwa 200 na gangaren tsaunukan Turai ne, ka hau shi zuwa kasuwar Dole sai ka ji kamar kana tuƙa katifa. Tsakanin 130 da 150 nan ne wurinmu.

Ni kam ba zan ɓoye ba, in na ga Santa Cruz Heckler na alminiyom lafiyayye ba na duba wani. Kamfanin na Kalifoniya ne a Amurka, tun 1996 suka fara yin wannan samfurin, na ƙarshe da suka yi suna ba da milimita 150 (kar ka rikita shi da sabon Heckler mai batir da suka fito da shi a 2020, suna kawai suka haɗa). Abin da ya sa nake son shi, gaɓa ɗaya tak gare shi. Duk bayan keken a kan ƙusa ɗaya yake juyawa da boris biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, shi ke nan. Wanda bai taɓa hawa cikin hunturu ba ba zai gane darajar wannan ba, ƙurar nan mai laushi kamar hoda tana shiga kowane boris ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, to kadar mai boris takwas ko goma aikinka takwas ko goma ne, kuma ba lallai duk girmansu ɗaya ba. Na Heckler kuwa da alanki a ƙofar gida za ka kwance, ka kai boris ɗin wurin masu kayan moto su duba lambar da ke jiki. Na biyu, ramin da sandar feda ke shiga mai zare ne, ana murɗawa a kwance, ba irin na dannawa da ƙarfi ba da in ya fara ƙara ƙiiƙii babu mai gyaran da zai raba ka da ita. Na uku, amortisar shi ta gama-gari ce, in ta mutu ka auna daga rami zuwa rami da tsawon lotsawarta ka nemo Fox ko RockShox mai wannan awon ka ɗaura.

Yana da aibi, eh. In ka miƙe tsaye kana taka feda bayan yana ɗan rawa, in ka matse birkin baya a kan gargada yakan ɗan sandare. Na yarda. Akwai ɗan makunni a jikin yawancin amortisa, ka juya shi in ka hau gudro magana ta ƙare. Kuma tsofaffin nasu masu taya inci 26 ne, wanda Turawa suka raina yanzu, mu kuwa gaba ta kai mu, don taya da tub na 26 ko'ina akwai su, ga tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa kowa. Ka sayi mai 29 ka fasa taya a hanyar Magarya ka gani.

Sauran kuwa. Orange Five ta Ingila ita ma gaɓa ɗaya ce, in ka samu ɗauka, sai dai ba ta cika zuwa ba. Giant Trance daɗin hawa ba a magana amma boris sun yi yawa. Lapierre Zesty ta Faransa mai 140 haka ita ma. Rockrider na Decathlon in kuɗinka kaɗan ne ba laifi, ka dai san matsayin shi. Specialized Epic mai Brain, tsohon Scott Genius mai Equalizer da Cannondale Jekyll mai Dyad duk ka wuce su ko da kyauta ne, amortisarsu tasu ce su kaɗai, ranar da ta saki iska keken ya zama abin shanya. Kabon kuma, wato wanda ba ƙarfe ba, a bar wa masu shi, yana iya fashewa ta ciki waje na ƙyalli.

Yanzu ga inda ni aka ƙona ni. Shekarun baya na sayi wani kadar wurin wani mutum, ba zan kama suna ba, jika 90 na ƙirga mishi har ina ganin na yi wayo. Baƙi wuluk, fenti sabo yana sheƙi, ya ce mini "Malam wannan daga kwantena ya sauko, ko ƙasar nan bai taka ba." Sati uku ina hawa sai na fara jin ƙas ƙas duk lokacin da na taka da ƙafar dama. Na canza feda, na ɗaure sirdi, ƙarar na nan. Wani dattijo mai gyaran keke a Zango ne ya kifar da shi, ya sa farce ya kankare fentin kusa da waldar sandar baya ta ɓangaren sarƙa, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta zagaye rabin bututun, an cike ta da abin cike jikin mota an fesa fenti a kai. Ya dube ni ya ce "ɗana, wannan gawa aka yi wa kwalliya." Na ce Baba a yi walda mana. Ya ce alminiyom ba ƙofar gida ba ce. Gaskiyar shi, waldar lantarki ta bakin titi ba ta kama shi, sai ta argon, kuma ko an yi ta irin alminiyom 6061 sai an sake gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, in ba haka ba gefen waldar ne zai sake buɗewa, wataƙila kana tsakiyar gangara.

Tun daga nan duk kadar da aka sake wa fenti ba na ko taya shi. Gara mai ƙarzuwa da fentin shi na asali. Ka tafi da tsumma da tocilan, ka goge kowace walda ka haska, musamman wuyan gaba, gindin sandar sirdi, inda amortisa ke ɗaure, da sandunan baya. In mai shi ya ce kar ka goge ko ya fara hanzarta ka wai wani Alhaji na zuwa da kuɗi, bar wa Alhajin.

Sai 'yan sitika. Akwai kekunan nan masu arha na baƙin ƙarfe masu wani ƙaton sifirin ja a tsakiya, nauyi kamar buhun gero, a manna musu sunan babban kamfani a ce na Turai ne. Ka sa mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a aljihu, in ya manne a jiki ba alminiyom ba ne. Ka kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙasan ramin feda, in an goge ta da abin gurza ko dai na sata ne ko akwai abin da ake ɓoyewa, duka biyun ba naka ba ne. Wani kuma sai ya cire amortisar kirki ya sa ta banza mai gajeren tsawo, keken ya zauna ƙasa taya na dukan bututu.

Ka ɗaga keken a hankali ta sirdi, in ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa akwai sako-sako, wani lokaci ɗan bushin amortisa ne mai sauƙi, wani lokaci ramin boris ne ya faɗaɗa, wannan kam ba magani. Ka kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe. Ka sa a kwance amortisa ka ɗaga bayan da hannu sama da ƙasa, ya tafi sumul ba tare da gurnani ba. Ka tabbata sandar sirdi na fita. Ka duba ɗan kunnen da giyar baya ke rataye, kowane kadar da irin nashi, in ya karye babu shi a Dole.

Kar ka manta kadar kawai ka saya, sai kayanka sun shiga. Wurin da tayar baya ke shiga a tsoffi faɗin shi milimita 135 ne, na tsakiya 142, sababbi daga wajajen 2015 kuma 148, tayar wannan ba ta zama a wancan. Wuyan gaba ma akwai miƙaƙƙe akwai mai faɗin ƙasa, ka auna kafin ka biya. Kuma amortisar iska famfon shi daban ne, ƙarami mai agogon awon iska da ke kai wa PSI 300, famfon mai faci ba ya yi. Ka hura har in ka zauna ta lotsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka bar keken ya kwana wurin mai shi, da safe ka dawo ka sake zama a kai ka ga ko iskar ta sauka. Hoton da ƙanena ya turo mini jiya ma ja ne mai sheƙi ko ƙwarzane ɗaya babu, na ce ya tambayi mutumin wa ya yi fentin, har yanzu bai ba da amsa ba.