Kofin soso ko roba a ƙasan ƙirji: wanne ne ke ɗaukar nauyi a rigar mace?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce wata kwastomarki mai cikar ƙirji na son rigar atamfa wadda za ta sa ba tare da rigar mama ba, awon ƙirjinta inci 39, ƙasan ƙirji inci 34, kina tambaya ko ki ɗinka mata kofin soso a ciki ko ki yi mata shafi mai roba a ƙasa. Su biyun ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa zaɓin ke ruɗa mutane.

Kofi siffa yake bayarwa. Yana rufe kan mama, ya zagaye gaban riga, atamfa ta zauna ɗas ba ta lotsa ba. Amma shi kansa ba ya ɗaga komai. Idan kika liƙa shi a jikin shafi alhali rigar na da sako-sako a ƙasan ƙirji, mama za ta sauka, kofin ya bi ta, ko kuma ya tsaya a sama wayam. Ita ce rigar da za ki ga mace a wurin biki tana ta jan wuyanta sama bini-bini. Roba kuwa ɗauka take yi. Tana zagaye haƙarƙari ta kama jiki, nauyin ya sauka a kanta maimakon kafaɗa. Ki duba goyo: majanyin da aka ɗaure tam shi ke riƙe da yaro, zanen rufewa yake yi. Ko a rigar mama ta kanti, mafi yawan nauyin a kan maɗaurin da ya zagaye jiki yake, igiyar kafaɗa taimakawa kawai take yi.

Sai dai roba ita kaɗai tana da nata aibin, kuma ga mai ƙirji irin na kwastomarki zai fito fili. Shafi ɗaya miƙaƙƙe ba ya raba mama biyu, tattara su yake wuri guda ya danne. Tsakiya ta riƙa tara gumi, a zafin Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, fata ta yi ja, ƙuraje su feso. Ga yarinya ko mace mai ƙaramin ƙirji wannan ba wata matsala ba ce, shafi mai roba ya ishe ta har ta manta da shi. Amma bambancin inci 5 tsakanin awo biyun nan ba ƙarami ba ne. A lissafin da aka saba, kowane inci ɗaya harafi ɗaya ne na girman kofin rigar mama: 1 shi ne A, 2 B, 3 C, 4 D, inci 5 kuma ya kai DD. Yawancin fatun (takardar da ake bi a yanka yadi) da ake sayarwa a shirye a kan B aka yanka su, don haka kada ki ɗauko na gama-gari ki ƙara faɗi a gefe kawai. Gaban rigar na buƙatar ƙarin tsawo da zurfin dat (ɗinkin tsukewa da ke ba riga siffar jiki), in ba haka ba bakin rigar zai ɗage ta gaba.

Yadin ma yana da ta cewa. Atamfa auduga ce saƙaƙƙiya, ba ta miƙewa. Wannan ya sa ta dace da kofi, domin idan kika matse ƙasan ƙirji da dat ko da yankan firinses (ɗinkin da ke saukowa daga kafaɗa ko hammata ya bi ta kan mama), atamfar da kanta za ta zama kamar maɗauri. Amma dole a sa zik, kuma matsewar ba ta san mace ta ci abinci ko ta ja dogon numfashi ba. Shafi mai roba kuma yadi mai miƙewa yake so, irin mai haɗin Lycra, ko ragar nan mai ƙarfi da ake yin rigar mama da ita. Idan kika ɗinka roba kai tsaye a jikin shafin da ba ya miƙewa, tattarewa zai yi ya yi ƙulli a ƙarƙashin riga, ga ƙaiƙayi.

Wajen wanki kuwa roba ta fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Soso idan aka murɗe shi wajen matsewa sai ya karye, layin karayar ya riƙa nunawa ta saman riga, dutsen guga mai zafi kuma ya ƙanƙance shi. Ni dai na fi son in bar 'yar ƙofa a gefen shafi, wajen inci 2 zuwa 3, a riƙa zare kofin kafin wanki. Wannan ƙofar na yi wa mai shayarwa amfani sosai, tunda girman ƙirjinta na canzawa, za ta iya sauya kofi ba tare da an farke riga ba. Ita roba abin da ke kashe ta shi ne ruwan zafi da shanya a tsakiyar rana, amma canza ta aikin 'yan mintoci ne.

To ga kwastomarki, shawarata ki haɗa su, kowanne ya yi aikin da ya iya. Ba sabon abu ba ne, haka kamfanin Uniqlo na Japan ke yin rigunansa masu suna Bratop: kofi biyu a ciki, roba a ƙasansu. Ki jiƙa atamfar ta bushe kafin ki yanka, don kada ta tsuke bayan wankin farko. Ki yi wata 'yar riga ta ciki daban, wadda za ta haɗu da babbar a wuya da hammata da kafaɗa kaɗai, ƙasanta a sake. Gabanta ya zama shafin auduga mai laushi mai miƙewa saboda shan gumi, bayanta raga mai miƙewa. A bakin ƙasan ki sa roba mai faɗin inci 1 ko 1.5, mai laushi ta gefen da ke taɓa fata. Siririyar roba nutsewa take cikin jiki ta bar shaida. Ga awon 34 ki fara gwada tsawon inci 30 zuwa 31, amma ki zagaya mata ita a jiki tukuna, domin kowace roba da irin ƙarfinta. Idan yatsu biyu suka shiga ƙarƙashinta ba tare da kokawa ba, kuma ba ta zamewa sama in ta ɗaga hannu, ta yi. Da ɗinkin zigzag za ki kama ta, miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa zai yi ran farko.

Inda nake roƙonki ki ba da lokaci shi ne zaman kofin. Kada ki ɗinka shi da ƙiyasi a kan tebur. Ki auna daga kafaɗa zuwa kan mama, ki auna tsakanin kai biyun, tana sanye da rigar mamar da ta fi jin daɗinta. Ran gwaji ta sa rigar, ta ɗan sunkuya ta gyara kanta cikin kofin, ke kuma ki kama da fil a nan take. Ki duba sama: in nama ya tumbatso, kofin ya yi kaɗan. In akwai rami tsakanin kofi da jiki, ya yi yawa ko ya hau sama. Mai cikar ƙirji siririn soso take buƙata, mai zurfi mai rufewa sosai. Mai kauri ƙara mata girma da zafi kawai zai yi. Kafaɗar rigar kuma ta yi faɗi, bayan kada ya zurma ƙasa da layin robar, tunda in baya ya buɗe babu abin da zai ja gaba ya riƙe.

Na san wasu za su ce a sa bonin (siraran sandunan filastik ko ƙarfe) irin na koset, rigar matse jiki, a huta. Yana tsayar da riga, musamman marar kafaɗa ta amare, amma wannan ta yini ce, da ita za ta yi girki ta yi sallah. In har sai kin sa, guda ɗaya gajere a kowane gefe ya isa, ki naɗe bakinsa da ƙyalle don kada ya huda. Kafin ta tafi da rigar ki sa ta zauna a ƙasa, ta yi ruku'u, ta ɗaga hannu biyu sama. Duk inda ya soke ta ko ya zame, ki yi alama da alli ki gyara kafin ki rufe shafin.